Ƙananan kamfanonin wuta ba sa cikin cinikin

Malam, ka tambaya ko kafa babbar hukumar lantarki ta jama'a zai haɗiye ƙananan kamfanonin da masu shan wuta suka mallaka da kansu. Ba lallai ba ne. A jihar Maine ta Amurka, a Nuwamban 2023, an kaɗa ƙuri'a kan kafa irin wannan hukuma mai suna Pine Tree Power domin ta saye Central Maine Power da Versant, manyan kamfanonin wuta na 'yan kasuwa. Ƙananan da masu shan wuta suka mallaka, irin su Eastern Maine Electric Cooperative, ba sa cikin cinikin. Masu zaɓe dai sun ƙi.

Ni abin da ke damuna shi ne bashin sayen. Wasu ƙananan ta manyan layukan kamfanonin da za a saya wuta ke isa gare su, don haka sai doka ta hana a ɗora musu wannan bashin cikin kuɗin layi.