Shin rubuce-rubucen malamai a Facebook suna shafar sunan makaranta?

Malam, ka tambaya ko abin da ma'aikatan kwaleji ke wallafawa a shafukansu yana taɓa martabar makarantarsu. Ƙwarai kuwa yana taɓawa, domin mai karatu ba ya raba malami da wurin aikinsa, musamman idan ya rubuta sunan makarantar a ƙarƙashin hotonsa.

Ɗalibin da zai cike takardar JAMB ta neman shiga jami'a da iyayensa sukan fi yarda da maganar malamin da suke bibiya fiye da sanarwar ofishin hulɗa da jama'a, saboda sun san an tsara sanarwar ce don yabo. Malamin da ke bayyana bincikensa da Hausa mai sauƙi, yana sanar da guraben tallafin karatu, yana amsa tambaya cikin mutunci, yakan jawo wa sashensa ɗalibai. Wanda kuwa ke zagin abokan muhawara ko yaɗa makin ɗalibai don muzanta su, da hoton rubutunsa ya shiga WhatsApp, gogewa ba ta da amfani.

A ganina bai kamata hukumar makaranta ta hana malamai magana ba. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022, daga shafukan malamai jama'a da yawa suka fahimci dalilan ƙungiyar. Abin da ake bukata shi ne rubutacciyar ƙa'ida kan sirrin ɗalibai da ladabin muhawara.