In Fitsari Banza Ne, Kaza Ta Yi: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karo kusan duk sun taru ne a kan ƙoda da abin da jiki ke fitarwa. Wasu sun haɗo da ban haƙuri, wai kada in ga sun kawo maganar ƙazanta. Ku kwantar da hankalinku. Harshen da ya raɗa wa abu suna ya ba mu izinin tambaya a kansa.

Malam, "koda" ake rubutawa ko "ƙoda"? Ina ganin duka biyun.

Ƙoda, da ƙ mai ƙugiya. Jam'inta ƙodoji, kodayake "ƙoda biyu" ya wadatar, tunda biyun Allah ya ba mu.

Wannan sakaci yana damuna ƙwarai, domin kalmomi uku ne ake cusawa cikin riga ɗaya. Akwai ƙoda ta cikin jiki. Akwai koɗa, wato a daddaki bakin dutsen niƙa don ya yi kaifi, ko a zuzuta mutum da yabo. Sannan akwai "ko da", kalmomi biyu rabe. Duba wannan jimla: "Ko da ya koɗa maganin, ƙodarsa ba ta warke ba." Cire ƙugiyoyin, ka haɗe na rabe, ka ba yaro ya karanta, ka ji yadda zai yi ta tuntuɓe. Haka ake yi wa ƙashi. Mutum zai rubuta yana fama da "ciwon kashi", alhali gwiwarsa ce ke ciwo, bai san ya aika mai karatu bayan gida ba. Tun shekarun 1930 ake buga Hausa da waɗannan haruffa, kuma yau wayar da ke hannunka tana da su. Uzurin ya ƙare.

Malam, mene ne ma'anar "In fitsari banza ne, kaza ta yi"? Wai kaza ba ta da ƙoda ne?

Ana faɗa wa mai raina aikin wani ne: in kana ganin abin wasa ne, bisimilla, yi mu gani. Ka lura da "ta" ɗin nan. Gajera ce, murya na ƙasa, irin ta "bari ta yi". Na sha jin masu karantawa suna jan ta, kamar ana ba da labari cewa kaza ta riga ta yi. Da zarar ka ja ta, ka kashe karin maganar, don ƙalubale ne ake jefa wa kazar.

Kaza kuwa tana da ƙoda, biyu ma, manne a ƙashin bayanta. Mafitsara ce ba ta da ita, kuma ba ta tsiyayar da ruwa kamar akuya. Wanda ya fara wannan magana ya zauna ya kalli kaza da kyau, kuma abin da idonsa ya gani daidai ne. Dalilin ne ya rage, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Duk dabbar da jikinta ya sarrafa furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, sai ya bar wani saura da ake kira amoniya. Guba ce mai ƙarfi, ba ta zama a jini a kwana lafiya. Kowace halitta da yadda take rabuwa da ita, kuma yawan ruwan da take samu shi ke yanke mata hukunci. Kifin kogi ba shi da matsala. Yana sakin amoniyar kai tsaye ta abin numfashinsa na gefen kai, ruwa ya tafi da ita. Mu da shanu da awaki da sauran masu shayarwa ba mu da wannan gata, sai hanta ta juya amoniyar ta koma yuriya, sinadarin nan da manoma suka sani a takin zamani. Yuriya ba ta kai amoniya dafi ba, ana iya tara ta na ɗan lokaci, amma sai da ruwa take fita. Wannan ruwan shi ne fitsari. Kwaɗo ya ɗanɗana hanyoyin biyu: yana ɗan mitsitsi mai wutsiya a cikin ruwa amoniya yake saki, in ya yi ƙafafu ya hau tudu ya koma yuriya.

Tsuntsu ya bi hanya ta uku, shi da ƙadangare da maciji da yawancin ƙwari. Jikinsu yana mayar da dattin ya zama sinadarin yurik, wanda da ƙyar yake narkewa a ruwa, don haka yake fita da kauri, fari fat. Je ka duba kashin kaza sabo. Za ka ga duhu-duhu a ƙasa, da ɗan fari a kansa kamar an ɗiga alli. Duhun shi ne kashi, farin nan kuwa shi ne fitsarinta. Ƙofa ɗaya suke bi, shi ya sa ido ke ɗaukarsu abu guda. Akwai hikima babba a nan. Mai tashi sama ba ya son ɗaukar nauyin ruwa. Sannan ɗan tsako yana kwana 21 a rufe cikin ƙwai, babu inda zai zubar da komai. Da amoniya yake tarawa da ta kashe shi kafin ya ƙyanƙyashe, amma yurik sai ya daskare a gefe, ya bar shi lafiya.

Jimina ce ta fita zakka, ita takan tara ruwan fitsarinta ta sake shi daban da kashi.

Kuma farin nan ba banza ba ne. Kashin tsuntsayen teku da ya taru shekaru aru-aru a tsibiran Chincha na ƙasar Peru ya zama taki mai tsada a ƙarni na 19, jiragen ruwa suna lodinsa zuwa Turai, har Sifaniya ta mamaye tsibiran a 1864. Saboda haka karin maganar tana nan daram. Kaza ba ta tsuguna ta yi irin namu, kuma a kan wannan aka gina ta.

To "shafa wa mutum kashin kaji" fa?

Ƙazafi ne, a liƙa wa mutum laifin da bai yi ba don a ɓata masa suna. An zaɓi na kaji ne, a ganina, don yana da danƙo da wari, kuma ko an goge sai ya bar alama.

Daga ina aka samo kalmar mafitsara?

Daga fitsari. Sunan wuri ne, ginin da ya ba mu majema da marina da maƙera. Ma'ajiya ce kawai. A ƙoda ake yin fitsari, ya gangaro ta siraran bututu biyu ya taru a cikinta.

Malam, an ce za a fara yi wa mahaifina wankin ƙoda. Fito da ita ake yi a wanke a mayar?

Allah ya ba mahaifinki lafiya, ya sa kaffara ne. A'a, 'yata, ba a taɓa ƙodar ko kaɗan. Kuma ba laifinki ba ne da kika fahimta haka, laifin kalmar ne. Na daɗe ina jin ciwon wannan suna. A Hausa in aka ce wankin riga, riga ake wankewa. In aka ce wankin mota, mota ce. To mai jin "wankin ƙoda" me zai ɗauka? Abin da ake wankewa jini ne. Da "wankin jini" ko "tace jini" aka ce tun farko, da an rage wa iyalai da yawa fargaba.

Sai an san aikin ƙodar ake gane abin da na'urar wankin ke yi. Kowace ƙoda ba ta wuce girman dunƙulen hannu ba, amma a cikinta akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ta nan yake bi. A kwana ɗaya ƙodojin baligi suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, alhali fitsarin da ke fita bai fi lita 1 zuwa 2 ba. Ina sauran? Jiki ya karɓe abinsa. Aikin ya yi kama da na mace mai gyaran ɗaki, wadda za ta fito da kaya duka tsakar gida, sannan ta riƙa mayar da masu amfani ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage a waje shi ne shara. Haka ƙoda ke mayar da ruwa da suga da gishirin da jiki ke buƙata, ta bar yuriya da abin da ya yi yawa su wuce. Shi ya sa in ka wuni ba ka sha ruwa ba fitsarinka yake raguwa ya yi duhu: ƙoda ce ke tattali. Ta raƙumi ta fi tamu iya wannan tattalin nesa ba kusa ba.

In ƙodojin suka gaza, dattin da ruwan sai su taru. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi nauyi, abinci ya fita a rai. A nan na'ura ke shigowa. Ana jan jini ta bututu, ya bi ta gefen wata siririyar fata mai tacewa, wani ruwa na musamman yana gudana a ɗaya gefen yana janye dattin, sannan jinin ya koma jiki. Galibi sau 3 a mako ake yi, kowane zama kamar awa 4. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya haɗa irin wannan na'ura a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1945 aka samu majinyaciya ta farko da ta rayu ta dalilinta.

Ga inda kalmar ke yin ɓarna ta biyu. Mai jin "wanki" yana zaton in an wanke sau ɗaya an gama, kamar tufa. Sai a yi zama biyu, majinyaci ya ji sauƙi, dangi su ce ai an wanke, a daina zuwa. Na'urar aron aiki take yi, ba ta gyara ƙodar. Akwai gazawar farat ɗaya wadda ƙoda kan farfaɗo bayanta, akwai kuma wadda ta daɗe tana ci a hankali, yawanci ta dalilin ciwon suga ko hawan jini, ita kuwa ba ta komawa. Ki tambayi likitansa wacce ce tasa, kuma kada a tsallake zama sai da izininsa.

"Dashen ƙoda" kuwa ba ni da ja a kansa. Wanda ya ɗauko dashe daga gona ya kawo nan ya san Hausa: a ciro daga wani wuri, a kafa a wani, a yi ta lallaɓawa har ya kama. An fara cin nasararsa a 1954 a birnin Boston na Amurka, tsakanin wasu tagwaye. Na san "wankin ƙoda" ya riga ya zauna a bakin jama'a da gidajen rediyo, ba kuma na zaton zan tumɓuke shi. Roƙona ga masu fassara da ma'aikatan jinya shi ne, duk sanda suka faɗa, su ƙara da cewa jini ake tacewa.

Fitsari da bawali, wanne ya fi daidai?

Duka daidai ne. Bawali daga Larabci ya shigo, ya fi dacewa a gaban manya da wurin karatu. Sai dai a gaban likita a bar kewaye-kewaye. In ka ce masa "kama ruwa" ke ba ka wahala, bai san ko zafi kake ji, ko jini kake gani, ko fitsarin ne ya ƙi fita ba. Kunya tana da wurinta, ɗakin likita ba ya ciki.

Malaminmu ya ce kashi ba ya cikin dattin da jiki ke "fitarwa" a ilimin kimiyya. Ya haka?

Yana da hujja. Yawancin kashi saurar abinci ce da ba ta taɓa shiga jini ba, tare da ƙananan halittun da ke zaune a hanji. Ta shiga ta baki, ta bi hanya, ta wuce. Fitsari kuwa daga cikin jini aka tsamo shi, haka ma iskar da huhu ke fitarwa. Launin kashi ne kaɗai zan ce ka ja masa a kai, domin daga ruwan maɗaciya yake, wanda hanta ke zubarwa bayan jiki ya rushe tsofaffin ƙwayoyin jini.

Gumi, zufa, jiɓi: akwai bambanci? Kuma gaskiya ne gumi yana fitar da guba?

Ma'anarsu ɗaya, sai dai zufa takan ɗauki ma'anar zafin gari ma, kamar a ce "ana zufa yau". Gumi shi ya fi shiga maganar wahala da haƙƙi, shi ya sa ake cewa an ci gumin wani, ba a cewa an ci jiɓinsa. Batun guba kuwa an koɗa shi fiye da kima. Gumi ruwa ne da gishiri da ɗan abin da ba a rasa ba na yuriya, aikinsa sanyaya jiki. Kare da ba ya gumi sosai haki yake yi, ƙodarsa na can tana aikinta.

Me ya sa ake ce wa aminai "hanta da jini"?

Duk wanda ya taɓa yanka hanta ya ga amsar a kan wuƙarsa. Ba a raba su.

Ɗana yana fitsarin jini, an ce tsargiya ce, wai alamar girma ce.

Sunan daidai ne in gwaji ya tabbatar, fassarar ce ƙarya. Tsargiya tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi na cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ko wanki a kududdufi, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara su sa ta zubar da jini. Tana da magani, kuma in aka bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda. Ka kai shi asibiti a gwada fitsarin, domin ba tsargiya kaɗai ke kawo jini ba.