An Sace Min Mota, Takardunta Suna Ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ranar Juma'ar nan na ajiye motata, Corolla ruwan toka, a bakin titi na shiga masallaci. Da aka idar na fito, sai wayam. Duk takardunta suna aljihun gaban motar. Abokaina sun ce kada in wahalar da kaina da 'yan sanda, cigiya a rediyo ta isa. Ina da inshorar nan da ake biya lokacin sabunta takardu. Me zan yi, kuma za su biya ni? Daga wani malamin makaranta a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya bayyana ta, Ya mayar maka da alheri.

Shawarar abokanka ban yarda da ita ba ko kaɗan. Yau ɗin nan ka je caji ofis ɗin da ke kula da unguwar da aka ɗauki motar, ka ba da bayani a rubuta, ka kuma nemi takardar shaidar cewa ka kai rahoto. Ko da ba a gano motar ba, takardar nan ita ce garkuwarka. Motar sata akan yi fashi da ita, akan kaɗe mutum da ita a gudu, kuma sunan da ke rajista naka ne. Ranar da aka zo nemanka, cewa "ai na yi cigiya" ba za ta fisshe ka ba. A hanya ka leƙa ofishin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, domin wani lokaci janye mota ake yi saboda an ajiye ta inda aka hana, mai ita yana can yana salati.

Abin da za a fara tambayarka shi ne lambar shasi, kuma nan ne mutanenmu suke yin zuru. Lambar da ke gaba da baya minti kaɗan ɓarawo yake kwance ta, fenti ma kwana ɗaya ya isa a sauya. Lambar shasi kuwa, haruffa da alƙaluma 17, a jikin ƙarfen motar take, da ita ake gane ta ko an tsallaka da ita ta Jibiya ko Maigatari. Tunda takardunka sun tafi, nemi lambar a wajen dillalin da ya sayar maka, ko kamfanin inshorarka, ko ofishin da ka yi rajista. Da ka same ta ka kai wa 'yan sanda su sa a kundinsu na rajistar motoci, ka sanar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Sannan ka yi rantsuwa a kotu cewa takardun asali sun salwanta tare da motar, don kada a sayar da ita da sunanka. Barin takardun asali a cikin mota ɗabi'a ce da ta daɗe tana ba ni haushi, kwafi ya isa yawo.

Batun inshora, sai dai ka yi haƙuri. Wadda ka kwatanta ita ce ta dole, wadda NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, ta mayar naira 15,000 daga Janairun 2023. Aikinta biyan ɓarnar da ka yi wa wani, har naira miliyan 3 idan dukiya ce. Ba ruwanta da sata. Mai cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ke farawa daga kashi 5 cikin 100 na darajar mota, shi ake biya, shi ma sai ya sanar da kamfani da wuri tare da takardar 'yan sanda da makullai.

Cigiya ka yi ta, a rediyo da Facebook, ka faɗa wa bakanikenka da 'yan kamasho a tasha. Amma ka ɓoye wata alama guda, kamar tsagewar kujera ko walda a ƙarƙashin but. Za a kira ka, a ce an ga motar a wani gari, ka turo kuɗin mai. Tambayi mai kiran alamar nan. In ya faɗa daidai, kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki ɗan sandan da ke riƙe da maganar.

In Allah Ya sa ta dawo, koma caji ofis a cire ta daga jerin motocin da ake nema kafin ka hau titi da ita, in ba haka ba kai za a tsare a shingen bincike.