Jirgin da ya faɗi a bayan gari: na gaske ne ko na wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da la'asar muka hangi jirgi ya sulmiyo ƙasa a bayan gari, hayaƙi ya turnuƙe. Kafin magariba WhatsApp ya ɗauka cewa jirgin fasinja ne. Da aka je, ashe ɗan jirgin wasa ne mai telekomandi, wato wanda ake tuƙa shi daga nesa. Ta yaya manya da hankalinsu za su ruɗe haka? Daga wani mai karatu a Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ga laifin kowa. Ido yana gane girman abu ne idan akwai bango ko itace kusa da shi, sama kuwa fili ce fetal. Ɗan jirgi mai tsawon mita 2 da ke nisan mita 200, girmansu ɗaya a ido da Boeing 737 mai kusan mita 40 da ke nisan kilomita 4. Idan hazon hunturu ya sauka, na kusa ma sai ya yi kamar yana can nesa. Ga shi masu ƙera jiragen wasan suna kwaikwayon fenti da tagogi na manyan jirage, wasu har injin mai shan kananzir suke sa musu.

Kunne ya fi ido gaskiya a nan. Sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Babban jirgi da ya faɗi a kilomita 4, sai ka ƙirga wajen daƙiƙa 12 kafin rugugin ya iso, ƙasa ta amsa. Na wasa kuwa, ganinsa da jin ƙararsa kusan tare suke, kuma juyinsa na farat ɗaya ne kamar na tsuntsu. Tarkace ma ba ya ɓuya: jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya tarwatse a hamadar Tenere ranar 19 ga Satumba 1989 da mutum 170, sassansa sun watsu kilomitoci a cikin rairayi.

Abin da ya fi damuna shi ne yara su riga kowa isa wurin. Batirin lithium na waɗannan jirage, in ya fashe, yakan kama da wuta, hayaƙinsa kuma yana cutarwa. Kuma a halin tsaron da muke ciki, abin da ya faɗo daga sama ba lalle na wasa ba ne. A tsaya nesa, a kira ƴan kashe gobara ta lamba 18 ko a sanar da jandarma. Ma'aikatan filin jirgin Zinder sun san jirgin da ke bisa hanya, su za su tabbatar kafin wani ya tura saƙon da zai tsinka zuciyar mai ɗan'uwa a tafiya.