Kufai daban, kango daban

Wani malamin makaranta daga Gusau ya ji labarin Ness of Brodgar, wurin da aka tone a tsibiran Orkney na ƙasar Sikotilan. Tambayarsa: kango za a kira shi ko kufai?

Kufai ne, malam. Kango gini ne guda da ba kowa ciki, ko rufinsa ya zube ko ba a ma kai ga rufa shi ba. Kufai kuwa mazauni ne sukutum da mutanensa suka tashi, ƙasa ta hau kansa. Yana damuna ƙwarai yadda wasu masu karanta labarai suka mai da komai kango, har kufai na neman ɓacewa a bakin yara. Dubi wurin da kansa. A 2003 garma ta tunkuɗo wani sassaƙaƙƙen dutse, aka shiga tono daga 2004 har 2024, aka tarar da gine-ginen dutse birjik masu shekara kusan 5,000, wasu bangayen har da launi a jiki. Kowane ɗaki cikinsu kango ne, tarinsu kufai. Kuma a daina gaggawar kiransa matsafa. A kewayen wani babban gini a wurin an sami ƙasusuwan shanun da yawansu ya kai kusan 400, alamar gagarumin taro da aka ci aka watse. Matsafa kalma ce mai nauyi, tana yanke wa mutane hukunci kan abin da ke zuciyarsu. A ce wurin taro da bukukuwa ya fi adalci.

Wata daga Maraɗi: tono da haƙa ɗaya ne? A'a, 'yar'uwa. Ana haƙa kabari don a binne, ana tone shi don a fito da abin da ke ciki. Shi ya sa asiri tona shi ake yi, kuma garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta: wuƙar dama tana nan kwance.

Tsingaro ko sakaina? Tsingaro na tukunya, sakaina ta ƙwarya.

Mene ne gatarin aradu? Gogaggen dutsen nan mai baki da manomi kan tsinta a gona bayan ruwa ya zaizaye ƙasa, a ce tsawa ce ta jefo shi. Hannun mutum ne ya wasa shi tun kafin a san ƙira, kuma an tono ire-irensa a Orkney ɗin.