Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan AI da shagon kwamfuta

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, cewa yaronki ya gama sakandare kin tara masa ɗan abin da ya samu zai koyi kwamfuta ya buɗe shagon taifin da fotokwafi, sai kawunsa ya ce kar a zubar da kuɗi don AI, wato manhajar nan mai amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, ya zo zai cinye aikin kowa, har wai nan gaba mutum-mutumi ne za su riƙa yin komai, shine kike tambaya ko gaskiya ne kuma ina duniyar nan ta dosa. Na karanta amsoshin ƴan uwa, wasu sun ce zuƙi ta malle ce ta Turawa, wasu sun ce alamar tashin duniya ce. Ni dai wannan sana'ar da kike son saka shi da ita na riƙe gidana shekara da shekaru a nan Gombe wajen Tudun Wada kusa da jami'a, toh bari in gaya miki yadda na ga abin.

Kawun nasa yana da gaskiya a kan shagon. A kan duniya gaba ɗaya kuma ya zafafa.

Ni da kiran waya na fara, wannan na lema da tebur. MTN da Econet sun fara aiki a Najeriya a 2001, lokacin layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka, minti ɗaya naira 50 ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe, shi ya sa mutane ke bin layi a wajenmu. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan, layi ya faɗi, wayoyin China suka cika kasuwa, wlh ba wanda ya zo ya ce mana ku tashi, kawai wayar gari muka yi ba mai zuwa. Na koma kafe, ana biyan awa a duba imel a yi rajistar jarrabawa, ita ma Android ta zo ta kwashe fiye da rabin cinikin. Abin da ya riƙe mu shine taifin ɗin furojet na ɗalibai da rubuta takardar neman aiki da tsara katin biki, sai kuma da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 muka ɗan samu da koya wa yara riƙe linzami. To tunda ChatGPT, wani AI mai yi wa mutum rubutu, ya fito ƙarshen 2022 shi ma wannan ya fara zubewa, ɗalibin da a da zai zauna kusa da ni muna gyara masa Turanci layi-layi yanzu a wayarsa zai gama komai ya turo ta WhatsApp ya ce a buga kawai, kuɗin bugawa kuwa takarda da tawada da mai sun cinye ribar.

Kin ga duk sana'o'in nan abu ɗaya ne, ni ne ke tsayawa tsakanin mutum da na'urar da bai da ita ko bai iya ba. Ranar da na'urar ta yi arha ta shiga aljihunsa, aikina ya ƙare. Kuma kowace sabuwa ta fi ta baya saurin isowa. Har masu POS nake gaya musu haka suna jin haushina, da aka yi wahalar canjin kuɗi farkon 2023 mai shayi da mai nama da ƴan ƙauyen da ke kawo wake kasuwa duk sun koyi karɓar tiransifa ta OPay da Moniepoint cikin ƴan makonni, abin da shekaru ana wa'azinsa ba a ji ba.

Amma ga inda na rabu da kawu. Na lura fasaha kala biyu take zuwa mana. Wadda za ta iya bi ta cikin waya, wato rubutu da murya da hoto da kuɗi da lissafi, wannan ranar da ta fito a Amurka ranar take sauka a Jekadafari, ba ruwanta da kwastan. Wadda kuma ke buƙatar ƙarfe da wuta tsayayya da hanya mai kyau da asibiti da dala, ita tafiyar hawainiya take. Akwai tasi marar direba yanzu haka na kamfanin Waymo yana ɗaukar fasinja a Phoenix da San Francisco, gaskiya ne ba fim ba, amma dan Allah a kawo ta Tashan Dukku ranar kasuwa mu gani, tsakanin keke napep da achaba da mai baro da shanu. Jirgin nan marar matuƙi na Zipline tun 2016 yake kai jini asibitocin ƙauye a Ruwanda, sai 2022 ya fara a Kaduna, shekara shida tsakani kuma duk a Afirka ɗaya.

Wanda ya fi taɓa ni ma shine na sikila, don muna da mai ita a dangi. A Nuwamba 2023 Birtaniya ta amince da wani magani Casgevy, Amurka ta biyo a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiyar, a kai ɗakin gwaji a gyara musu ƙwayar halitta da wata fasaha CRISPR, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share ɓargon, sannan a mayar masa da gyararrun. Ikon Allah, ciwon da muka taso muna ganin sai dai haƙuri. Farashinsa dala miliyan 2.2 a mutum ɗaya. Kuma duk duniya ba ƙasar da ake haihuwar masu sikila kamar Najeriya. To ni Hajiya in ana maganar yadda fasaha za ta canza ɗan adam, mutum-mutumi bai hana ni barci, wannan ne ke hana ni, a ce ɗan wani an gyara masa jini ya warke, namu kuma yana kwance ana neman kuɗin leda ɗaya ta jini. Shi ya sa har gobe gwajin jini kafin aure ya fi mana kusa da hannu.

Shi AI ɗin kansa, kullum ina amfani da shi, ki daina jin tsoronsa kamar aljani. An loda masa rubuce-rubucen intanet ne masu ɗimbin yawa ya koyi wace kalma ke bin wace, shi ya sa bakinsa ke da santsi. Halinsa halin dillalin da bai taɓa cewa ban sani ba, in ya sani zai faɗa da ƙarfin gwiwa, in bai sani ba ma da wannan ƙarfin gwiwar zai faɗa. A Turanci yana ƙoƙari sosai, a Hausa yakan yi tuntuɓe don rubutunmu a intanet kaɗan ne. Na taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu wata mas'ala ya kawo min hadisi har da lamba, na kai wa malaminmu aka duba babu shi sam. Saboda haka wanda ya san abu shi zai mori AI, don zai gane inda ya zame, wanda bai sani ba kuwa zai haɗiye har da ƙashi. Abin da nake tsoro ga yaranmu kenan, a fito da digiri ba a taɓa zama an rubuta shafi ɗaya da kai ba.

Af, kafin in manta, ƴan gidan nan a kula, yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun sautinsa. In aka turo miki murya ta ɗanki ko mijinki wai yana cikin matsala a tura kuɗi maza, ki kira lambarsa da kika sani tukunna. Haka bidiyon malamai da manyan mutane da ake yawo da su suna tallan magani ko wata harkar saka kuɗi, da yawa haɗi ne.

To yaron fa. Kwamfuta dole ya koya, wannan ba zaɓi ba ne, ko don jarrabawa da neman aiki, amma wata uku zuwa shida ya ishe shi kuma kar a ɗauke ta a matsayin sana'ar da za ta ciyar da shi. Kar ki sayi injin fotokwafi da janareta, masu sayar da nasu na hannu sun yi yawa, ki tambayi kanki me ya sa. In yana da hannu kuma ba ya ƙyamar rana, ni sola zan ce. Duk waɗannan abubuwan, waya ne, AI ne, Starlink ɗin nan mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam da ya shigo a 2023 ne, ba wanda ke motsi sai da wuta, mu kuma kin san halin da muke ciki, ga dam a Dadin Kowa amma a 2024 da ɓarayi suka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe makonni muka yi a duhu. Ga fetur tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin kwanaki, bai kuma sake waiwayowa ba. Masu noman rani suna komawa famfon sola, masu kemis da masu ƙanƙara da masallatai da gidaje kowa na nema. AI zai iya taya shi lissafin fanel nawa da batir nawa gida ke buƙata, amma ba zai hau kwano da tsakar rana ya ɗaure ba, ba kuma zai zo Kumo ya gano wayar da ɓera ya ci ba. Nima aikin solar nake yi yanzu, shagon na bar wa ƙanina yana lallaɓawa. Gyaran waya, firji da AC, aikin famfo, aikin jinya, duk layi ɗaya ne.

In kuma yaron mai kan karatu ne, lissafi na shigarsa, to kar ki danne shi da shawarata, a bar shi ya ci gaba, ya nemi shiga 3MTT, shirin koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, kyauta ake koyarwa, sai dai zai buƙaci laftof da data da haƙuri, kuma ya sani ƙananan ayyukan da ake farawa da su irin zanen fosta da rubutun talla su AI ya fara lashewa, sai ya nutsa sosai kafin ya ga kuɗi.

Wajen zaɓen ogan da zai koya a hannunsa ki tura kawun nan nasa ya je ya ga aikin da mutumin ya yi a gidajen mutane, wanda ya kai shekara biyu yana aiki, ba hoton Facebook ba. Ya tambaya ko yana koya wa yara lissafin lodi da aiki da mita, ko kuwa ɗaukar tsani da sayo abinci kawai suke yi, don irin na biyun sun fi yawa. Kuɗin da kika tara ki raba, kaɗan na koyon kwamfuta, kaɗan na sallamar oga, sauran ki ɓoye ki yi shiru sai ya iya, lokacin sai a saya masa kayan aikinsa. Allah ya yi masa albarka ya sa ki ci moriyarsa.