Maganar ɗakin haya a Samaru da ka tambaye ni

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, na kuma ji daɗi da ka tambaya maimakon ka yi fushi ka bar ɗakin. Ka ce ba ka samu gado a hostal ba, ka samu ɗaki a Hayin Dogo, amma mai gidan ya ce sai ka kawo babba wanda zai tsaya maka, sai an kai ka ka gaida mai unguwa, kuma ba a shigo da baƙuwa mace cikin gidan, shine kake tambaya wai wannan al'ada ce ko addini ne ko kuwa takura ce kawai tunda kuɗinka za ka biya.

Toh al'ada ce, kuma ta girmi haya ɗin kanta. A da baƙo in ya shigo gari ba ɗaki yake nema ba, mutum yake nema. In malami ne ko almajiri sai a kai shi wurin malamin unguwa ko liman, in ɗan kasuwa ne ya sauka wurin fatoma, shi zai ba shi wurin kwana ya ajiye masa kaya ya haɗa shi da masu saye, in kuma wata rigima ta taso shi za a nema. Wanda bai san kowa ba wurin mai unguwa ake kai shi, domin mai unguwa shi zai amsa wa dagaci, dagaci ya amsa wa hakimi, har zuwa fada. Hayar ɗaki da kuɗi wata wata ta yi ƙarfi ne bayan zuwan layin dogo wajen 1911, da aka samu Sabon Gari da Tudun Wada inda baƙi ma'aikata ke sauka. Samaru kuwa wurin binciken noma ne kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, daga nan ɗalibai suka yi ta ƙaruwa har hostal ɗin jami'ar su Suleiman da Amina da Ribadu da Danfodio suka kasa ɗaukar kowa, mutanen gari suka fara yanka gidajensu suna fitar da ɗakuna. Kaga kenan da yawa daga gidajen nan ba don haya aka gina su ba, gidan iyali ne, matar mutumin na ciki, 'ya'yansa mata na ciki.

Shi ya sa maganar baƙuwa ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan. A gidan Bahaushe namiji baligi wanda ba muharrami ba iyakarsa zaure, kai ko ɗan gidan ma in ya tasa fitar da shi ake yi zuwa shago a ƙofar gida, ba ya kwana cikin mata. Mutumin da ya yarda ya sa saurayi marar aure a gefen iyalinsa ya riga ya sassauta sosai, ba zai kuma yarda 'ya'yansa su riƙa ganin 'yan mata na shiga ɗakin saurayi ana rufe ƙofa ba, ko da karatu kuke yi tsakani da Allah. Nan kam addini ma ya shigo, ka san hukuncin keɓewa. In abokiyar karatu ce ku haɗu a laburare ko aji, in ƙanwarka ce ta zo ka fara kai ta ciki ta gaida matar gidan, shikenan an san ta, gobe ma da kanta za a ce ina 'yar uwar taka.

Amma abin da nake so ka gane da kyau shine mai tsaya maka ɗin nan, kai yake karewa fiye da mai gidan. Baƙo ko da ido makaho ne. Ranar da aka yi sata a layin, ko 'yan sintiri suka tare ka da daddare kana dawowa daga karatu, ko aka zo kame aka kwashi samari, tambayar farko ita ce wa ya san shi, to in mai unguwa ya ce na san shi, ɗan wane ne, wane ya kawo min shi, magana ta ƙare a nan. In kuma ba wanda ya san ka sai ejan ɗin da ya karɓi la'adarsa ya kashe waya, wallahi sai ka kwana inda ba ka so kafin mu ji labari. Haka in rashin lafiya ta kama ka tsakar dare, maƙwabcin da kake gaidawa kullum shi zai nemo mai adaidaita ya kai ka asibiti, ba mu da muke nesa ba. Annabi SAW ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma ba a ce banda ɗan haya ba.

Sai dai kar ka ce tunda an yi gaisuwa da mutunci ba sai an rubuta komai ba, a'a, wannan kuskure ne da mutanenmu ke yi saboda kunya. Ka karɓi rasit da hannun mai gidan kansa ba ejan ba, a rubuta ranar da shekara ta fara da ranar da za ta ƙare. Ka tambayi wa ke biyan wuta, mita ɗaya ce ta kati ake rabawa ko bil ake kawowa, akwai tsohon bashi a kai ko babu. Ruwa fa, rijiya ce ko burtsatse, kuma ka tambayi tsofaffin 'yan hayan ba mai gidan ba yadda rijiyar take a watan Maris da Afrilu, domin lokacin ne za ka san kuɗin 'yan garuwa. Ka duba silin ko akwai tabon yoyo. Sannan ka yi maganar yajin aiki tun yanzu, a 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai na gida hayarsu na ƙonewa, wasu masu gidaje sun yi rangwame wasu ko sisi ba su rage ba, to gara ka ji ta bakinsa a gaban shaida.

In kuma ka ga dokokin gidan sun yi maka nauyi, akwai gidajen da aka gina don ɗalibai zalla a Danraka da Palladan, sun fi tsada kuma ba mai ce maka ina ka je, amma ni ban so maka su a shekarar farko ba, gaskiya na faɗa maka.

Ka kira baffanka na Tudun Wada, na riga na yi masa magana zai raka ka ranar Asabar. Ka sa manyan kaya da hula, ku riƙe ɗan goro, in kun je ka durƙusa ka gaida su ka bar shi ya yi magana. Kar ka tura wa kowa kuɗi kafin ranar. Ka gaida min mamanka.